Aikin hanyar hawaye ga mai hawan jini: maganin da ake cusawa a hanci don tsaida jini

Malama Ramatu, Garin Malam

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiya da ke cikin nan, musamman masu shiga ɗakin tiyata.

Innarmu ta haura shekara 60. Tun bara idonta na hagu ke zubar da hawaye, ko tana dariya, ko tana tsintar wake, gefen mayafinta kullum a jiƙe. Mun ɗora wa ƙurar hunturu laifi, hunturu ya wuce, bazara ta zo, damina ta sauka, hawaye bai fasa ba. Daga baya wani ƙullutu ya fito tsakanin ido da karan hanci, in ta danna shi da yatsa sai mugunya ta ɓullo ta cikin idon. An ba ta maganin sha, kumburin ya sace. Da muka koma, likitan ido ya ɗura mata ruwa da wata 'yar siririyar allura ta kusurwar idon, ya tambaye ta ko ta ji shi a maƙogwaro. Ta ce a'a. Ruwan ma dawowa ya yi ya gangaro a kumatu. Ya ce hanyar hawaye ta toshe, sai an buɗe wata sabuwa zuwa cikin hanci. Ya rubuta sunan aikin, DCR, a takarda.

Ya ce ba za a sa ta barci ba, kashe wurin kawai za a yi. Ya ce aikin ba mai haɗari ba ne, amma wuri ne mai jini, don haka za a cusa mata ƙyalle mai magani a hanci kafin a fara. A ordonans akwai Xylocaïne mai nafazolin, da ampul na adirenalin, da Exacyl. Da na je farmasi, yaron da ke bayan kanta ya ce mini adirenalin shi ne wanda ake yi wa wanda zuciyarsa ta tsaya. Tun daga nan hankalina ya ƙi kwanciya, don Inna na da hawan jini, tana shan amlodipin kowace safiya, tana kuma shan Aspégic 100, wato asfirin, tun lokacin da bakinta ya ɗan karkace, hannunta ya yi nauyi na 'yan awoyi sannan ya sake.

Wata maƙwabciyarmu kuma ta ce in tsaida mata duk wani magani mako guda kafin aikin, wai haka aka yi wa mijinta. Ban yi ba tukuna.

To, mene ne aikin waɗannan magungunan guda uku? Ba za su tada mata jini ba? In tsaida Aspégic ɗin ko in bari? Af, akwai kuma ɗigon ido, timolol, da aka rubuta mata a Kano don hawan jinin ido, amma wannan na ido ne kawai, ban ma faɗa wa likitan ba.

Majo Isuhu, Sabon Gari

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya ba Inna lafiya. Na daɗe ina miƙa kayan aiki a irin wannan tiyatar, bari in faɗa miki abin da ake yi daga gefen da nake tsayawa.

A kusurwar ido ta wajen hanci akwai 'yan huji biyu, ɗaya a fatar ido ta sama, ɗaya a ta ƙasa. Hawaye na shiga ta nan ya taru a wata 'yar jaka, daga jakar ya bi wani bututu cikin ƙashi ya sauka a hanci. Shi ya sa mai kuka ke jan majina. Kamar indararon soro ne: in ya toshe, ruwa ya kwanta, ya ruɓe, ya bi bango. A aikin ba a wahala da tsohon bututun. Ana tsaga fata kaɗan a gefen karan hanci, a cire ɗan ƙashin da ke tsakanin jakar da hanci, a haɗa fatar jakar da fatar cikin hanci a ɗinke. Aikin ba na jiya ba ne. Wani likitan Italiya, Addeo Toti, ya bayyana shi a 1904, sannan a 1921 Faransawa biyu, Dupuy-Dutemps da Bourguet, suka kawo dabarar ɗinke fatun biyu, kuma har yau kusan haka muke yi.

Jini daga wuri uku yake zuwa. Akwai wata jijiya da ke kwance kusan milimita 8 daga kusurwar ido, in wuƙa ta taɓa ta sai ta cika wurin nan take, amma ita kama ta ake yi a ɗaure ko a ƙona, magani ba ya mata komai. Akwai ƙashin kansa, wanda ke tsattsafo da jini, ana shafe shi da wani kaki da aka yi da kakin zuma. Sai na ukun, fatar cikin hanci, wadda ita ce mai ba da wahala. Jijiyoyinta ƙanana ne, ba su ƙirguwa, ba wanda za ka kama. Ki tuna yadda haɓo ke ɓalle wa yara a watan Afrilu ba tare da an taɓa su ba. Wannan fatar ce za a yanka da gangan.

Kada ki ɗauka tsoron ƙarewar jini ake yi. Wanda ke zuba ba shi da yawa. Matsalar ita ce ramin da likita ke aiki a ciki bai fi a sa kan ɗan yatsa ba, cokali guda na jini ya isa ya rufe komai. In bai gani ba, ɗinkin ba zai zauna daidai ba, in bai zauna ba hanyar ta sake toshewa bayan watanni. Ga shi kuma mutum na farke, jinin na gangara masa a maƙogwaro, ya yi tari, kai ya motsa.

Xylocaïne mai nafazolin abu biyu ne a kwalba ɗaya: lidokayin kashi 5 cikin 100 mai kashe wuri, da nafazolin mai tsuke jijiyoyi. Ana jiƙa siririn ƙyalle, a matse, a tura shi da hantsaki can sama daidai inda za a huda, ba a bakin hanci ba. Sai a jira minti 10 zuwa 15. Wannan jiran shi ne rabin aikin, kuma shi ne abin da mai gaggawa ke tsallakewa ya sha wahala daga baya. In aka jira, ka haska fitila, za ka ga fatar da ke ja jawur ta koma fari-fari, ta saɓe, hancin ya yi faɗi. In likita ya yanka ta, sai dai ɗigo-ɗigo.

Adirenalin ɗin, yaron farmasi bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba. Ampul ɗaya miligiram 1 ne a cikin mililita 1, wato 1 cikin 1000. Da wannan ƙarfin ba a yin allurarsa a fuska, jiƙa auduga ake yi a ɗora a kan inda ke tsattsafowa, wasu ma sai sun sirka shi. Wanda ake yi wa fata allura da shi an tsinka shi sosai a cikin lidokayin, 1 cikin 100,000 ko 1 cikin 200,000.

Exacyl kuma daban yake, ba ya tsuke jijiya, ba ya taɓa bugun zuciya. Jiki na da hanyar narkar da gudan jini bayan ya daskare, shi kuma wannan hanyar yake tarewa don gudan ya zauna. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, da mijinta suka fito da shi a 1962, kuma shi ne ungozomomi ke yi wa mai jego in jini ya ɓalle. Ampul ɗinsa miligiram 500 ne a mililita 5. A wannan aikin wasu likitoci na jiƙa ƙyalle da shi su ɗora, wasu ba su damu da shi ba. Ni abin da idona ya gani, yana taimakawa ga tsattsafen fatar hanci, musamman a ƙarshe lokacin da adirenalin ya fara sakewa.

Ki kwantar da hankalinki, a kan fata ake ɗora su, ba a jijiya ba. Maganar Aspégic kuwa, ta fi ƙarfina, bari masu sa barci su zo.

Hajiya Zuwaira, Birni

Ɗiyata, ni an yi mini a idon dama, kuma ga ni lafiya lau, tabon ma sai na nuna wa mutum yake gani. Ki gaya wa Innarki abubuwan da za ta ji don kada ta firgita, don ni ba wanda ya gaya mini.

Sa ƙyallen a hanci ya fi komai rashin daɗi, za ta ji kamar ta yi atishawa, hawaye ya zubo. Sai wani ɗaci ya gangaro maƙogwaro, maƙogwaron ya yi nauyi kamar ba nata ba, haƙoran sama ma su mutu. Da aka yi allurar, gabana ya yi ta bugawa fat-fat, hannuwana na rawa. Na ce wa yarinyar da ke riƙe da hannuna zan mutu, ta ce Hajiya maganin ne, ki ja numfashi ta baki. Kafin in gama Ayatul Kursiyyu ya lafa. Sannan za ta ji ƙarar ƙashi a cikin kanta, ƙaras-ƙaras, ba zafi amma akwai tsoro. In jini ya zo baki kada ta haɗiye, ta ɗaga hannu za su zuƙe.

A gida ne aikinki yake. An hana ni kunu mai zafi da shayi na kwana biyu, sai mai ɗumi-ɗumi. An hana ni fyace hanci mako biyu. Atishawa in ta zo, baki a buɗe. Salla a zaune na yi ta da ishara, alwala kuma ban shaƙa ruwa ba, shafa bakin hancin kawai nake yi, na tambayi malamin unguwarmu ya ce lalura ce. Ki hana ta zama kusa da murhu, ki hana 'yan dubiya turara mata ɗaki, ki sa mata matashi biyu. Ki kuma hana ta sunkuyawa shara, don na san irin su, ba su iya zama.

Ni likita ya tsaida mini asfirin mako guda kafin aikin, ban ga wata illa ba.

Mamman Sani, mai sa barci

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, amma kada Malama ta ɗauki naki ta auna da na Inna. Wanda ke shan asfirin don ciwon jiki daban, wanda aka ɗora a kai bayan baki ya karkace daban. Abin da ya sami Inna gargaɗin shanyewar ɓarin jiki ne, Aspégic ɗin shi ke tsaron ƙofar. Gaskiya ne asfirin na raunana ƙwayoyin da ke daskarar da jini har tsawon rayuwarsu, kwana 7 zuwa 10, shi ya sa ake maganar mako guda. Amma jinin hanci muna da abin tare shi, shanyewar jiki ba mu da. Likitan da ya rubuta shi da likitan ido su ne za su yanke, sau da yawa ma a kansa ake yin aikin, a ƙara haƙuri wajen tsaida jini. Amlodipin kuwa ta sha shi har safiyar aikin da kurɓin ruwa. Maganar maƙwabciya ki bar ta a zaure.

Majo, ranka ya daɗe, a hannunka muka koyi wanke hannu, amma ban yarda da cewarka ta kwantar da hankali don a kan fata ake ɗora su ba. Fatar cikin hanci ba kamar fatar hannu ba ce, tana shanye magani ta kai shi jini, balle in an yanka ta. Bugun gaban da Hajiya ta ji shaida ne cewa adirenalin na zagayawa. Ni da ke zaune gaban na'ura ina ganin lambobin suna hawa bayan an sa, sannan su sauko. Ga mai lafiya ba komai ba ne. Ga tsohuwa mai hawan jini sai an auna.

Malama, abin da kika jefa a ƙarshe da "af" shi ne ya sa na ajiye abincina na yi rubutu. Timolol ba na ido ne kawai ba. Ɗigon na bin hanyar hawaye ya sauka hanci ya shiga jini, idonta na dama kuma hanyarsa a buɗe take. Yana daga cikin magungunan da ke rage bugun zuciya. Adirenalin na tsuke wasu jijiyoyi, yana kuma buɗe wasu, to timolol na toshe ɓangaren buɗewar ya bar tsukewar ita kaɗai. Sai jini ya hau sosai, bugu kuma ya faɗi. Ba cewa na yi ki daina ɗiga mata ba, hawan jinin ido na makantarwa. Cewa na yi ki kai kwalbar a gani tun kafin ranar, sai a rage adirenalin ko a canja tsari. Bayan aikin ma, tunda an buɗe hanya mai faɗi, ɗigon zai fi saurin sauka hanci, likitan ido zai so ya san da shi.

Ga ƙannenmu masu koyon aiki da ke karantawa, tunda an taɓo zancen. Lidokayin kashi 5 cikin 100 miligiram 50 ne a kowace mililita. Iyakar allurar da ke haɗe da adirenalin miligiram 7 ce ga kowane kilo na nauyin mutum, kuma wanda ke cikin hanci ma yana shiga lissafi, don haka a matse ƙyalle, kada a sa shi yana ɗiga. Mai nafazolin ba na ƙananan yara ba ne, yana sumar da su. Inda ake amfani da fenilefrin, wani maganin tsuke jijiyoyi, ƙa'idar da jihar New York ta Amurka ta fitar, wadda aka buga a 2000 bayan an rasa rayuka, ta ce kashin farko kada ya wuce rabin miligiram ga babba, ko maikirogiram 20 ga kowane kilo ga ƙaramin yaro, kuma in jini ya hau saboda shi kada a yi gaggawar sauke shi da dangin timolol, don nan ne zuciya ke kasawa. Yawanci cire ƙyallen da ɗan jira sun isa. In barci aka sa da halotan, zuciya ba ta jure adirenalin kamar yadda ta saba. Ketamin kuma, wani maganin sa barcin, tada jini yake yi, ya ɓata duk wahalar da aka sha.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro ba na lissafi ba ne. Kwano biyu a kan tebur, dukansu ruwa garai, ɗaya na allura ɗaya adirenalin tsantsa, wani ya zuƙa daga wanda bai kamata ba. A sa wa na jiƙa auduga launi, a rubuta suna, na allura kuma a zuƙe shi kai tsaye daga kwalbarsa. A ƙirga ƙyallayen da aka sa a hanci, a ƙirga su a fitowa.

Abubuwan da ba a saya a farmasi ma suna rage jini: a ɗaga kan gado digiri 15 zuwa 20, ta yi fitsari kafin ta hau, wani ya riƙe mata hannu yana mata magana. Mara a cike da tsoro na tada jini fiye da yadda ake zato. Malama, ki kuma faɗi maganar karkacewar bakin saboda Exacyl, ɗorawa a hanci ba kamar yi a jijiya ba ne, amma a sani. Ampul ɗin adirenalin ki bar su cikin kwalinsu a wuri mai sanyi, zafi da haske na lalata shi, wanda ya rine ya yi ja-ja ko ƙasa-ƙasa ba a amfani da shi.

Malama Ramatu, Garin Malam

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Majo, Hajiya, Malam Mamman Sani, kun sauke mini nauyi, ko da yake kun ɗora mini wani. Na je na zazzage kwallar da Inna ke ajiye tarkacenta. Ban da na likita, na sami diklofenak da ibuprofen, ta ce wajen mai tallar magani take saya don gwiwa, in za ta biki ma biyu take haɗawa. Sannan kowace safiya tana haɗiyar tafarnuwa ɗanya, wai don tansiyo. Su ma suna cikin zancen? Kuma ko in sayi irin ɗigon nan na mura mai buɗe hanci in ajiye, in jini ya zo da dare in ɗiga mata?

Majo Isuhu, Sabon Gari

Mamman Sani ya yi gaskiya, na karɓa. Malama, ki juye duka a leda ɗaya, har da ɗigon idon da na mai talla, ki kai wa likitan a wannan makon, kada ki bari sai safiyar aiki.

Diklofenak da ibuprofen su ma suna hana jini daskarewa da wuri, sai dai nasu na fita jiki cikin 'yan kwanaki in an daina. Waɗannan ba wanda ya rubuta mata, ta ajiye su tun yau, ta sha farasitamol. Haɗa su da Aspégic na cin ciki, suna kuma tada jinin da ake ta faman saukarwa. Tafarnuwar miya ba ruwanmu da ita, amma ta haɗiya a matsayin magani mukan ce a dakata mako ɗaya zuwa biyu kafin tiyata.

Ɗigon mura kada ki saya da kanki. Dangin nafazolin ne, ga mai hawan jini ba abin wasa ba ne, kuma in an wuce kwana 3 zuwa 5 ana ɗigawa hancin sai ya fi toshewa. In likita ya ga dama zai rubuta, da adadinsa.

Ɗan jirwayen jini a majina na kwanakin farko ba komai ba ne. Wani lokaci kuma haɓo na zuwa wajen ƙarshen makon farko, in ɓawon ciwon ya ɓanɓare. Ta zauna, ta ɗan karkato gaba, kada ta ɗaga kai sama. Ki matse mata tattausan hanci minti 10 zuwa 15 ba sakewa, ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora a karan hanci daga gefen da ba ɗinki, abin da ya zo baki ta tofar a kwano don ki ga yawansa. Ciwon yana can sama, don haka matsewar ba kullum take isa ba. In bai tsaya ba, ko tana haɗiya a kai a kai, ko jiri ya kama ta, ku tafi asibiti ko ƙarfe nawa ne. Kada a tura tsumma ko auduga ko garin magani a hancin. In an bar mata siririyar roba a kusurwar ido, ki gargaɗe ta kada ta ja, likita ne zai cire bayan makonni. Ki tanadi lambar mai mota tun yanzu, kabu-kabu ba zai yi wa mai haɓo ba.